Sista Mairo, Wadda Ta Karantar da Ni a Kan Hanjin Rago

Ranar Laraba, ashirin ga watan Oktoba, 1999, cikin watan Rajab, ina zaune a tsakar gida da hantsi ina tsintar shinkafa, maigidana Malam Shehu ya shigo. Bai zauna ba. Ya tsaya a bakin rumfa ya ce, "Malama, sai haƙuri. Sista ta cika ɗazu." Na ajiye tiren a ƙasa, na ce dukkanmu na Allah ne, kuma wurinSa za a tattara mu. Hajiya Mairo Isyaku, wadda duk Tarauni da Gyaɗi-Gyaɗi suka sani da Sista, ta rasu tana da shekara hamsin da takwas, bayan jinyar kwana takwas. An yi mata sallah bayan Azahar a ƙofar gidanta da ke Tarauni.

Sista, na yi ta jinkirin wannan rubutu saboda tsoron kada in faɗi abin da ba haka yake ba. Karatuna na allo ne, boko kuwa da girmana na koye shi, kuma an hore mu a kan cewa shaida ga mamaci amana ce, ba a ƙara mata gishiri. Don haka abin da idona ya gani kaɗai zan faɗa, har da wurin da ni ce mai laifi.

Shekara goma sha biyar ke nan da muka haɗu. Lokacin mun tare sabon gidanmu na Gyaɗi-Gyaɗi, tsakaninmu da ku akwai filaye da 'yan gonakin da ake shuka dawa da kuɓewa, mace za ta iya yafa mayafi ta taka da ƙafa ta je ta dawo tuwonta bai kama ba. A wani gidan suna muka haɗu. Na miƙa miki hannu mu gaisa, kika riƙe hannun kika juya tafin kina kallo, sannan kika sa yatsa kika ja fatar idona ƙasa, ko sunana ba ki tambaya ba. Kika ce, "Ke baiwar Allah, a gidanku wa ke cinye naman?" Matan wurin suka kwashe da dariya, ni kuwa kunya ta kama ni kamar in nutse. Daga baya na gane haka gaisuwarki take da kowa. Shekara talatin kika yi kina aikin jinya, mafi yawansu a sashen awon masu ciki, har hannunki ya saba, ya kasa gaisawa da mace ba tare da ya duba jininta ba. Da kika ajiye aiki shekara biyu da suka wuce, sai kika mai da gidajenmu asibitinki.

Ke kika sa mini suna Malama, don kin tarar da ni ina biya wa matan maƙwabta karatu da yamma, har maigidana ya kama. Ni kuma na yi ta ɗaukar karatu a wurinki ban sani ba. Na tuna ranar da kika same ni na dafa alayyafo da ruwa da gishiri kawai don yara, kika ce in zuba ko da cokali ɗaya ne na man gyaɗa ko manja. Kika ce akwai wani amfani a cikin ganye da karas mai ƙara ƙarfin ido, amma ba ya shiga jiki shi kaɗai, sai ya samu maiƙo ya hau, in babu sai ya wuce abinsa ya fita. Na tuna kuma shekarar da amai da gudawa suka addabi unguwa, kina shiga gida-gida da ɗan cokalinki a jaka, kina nuna wa iyaye ma'aunin gishiri da sukari. Wata tsohuwa ta ce ita gishiri kaɗai za ta sa, sukari ai lalata ciki yake yi. Kika durƙusa gabanta kika ce, "Inna, sukarin nan shi ke riƙe hannun gishiri ya shigar da shi ta bangon hanji, ruwa kuma ya bi bayansu. In kika raba su, dukkansu a waje za su tsaya." Tsohuwar ta ce to ai kamar 'yan rakiyar amarya ke nan. Kika ce haka ne, kada ta kori ko ɗaya. Jikanta yana nan da ransa har yau.

Amma abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne abin da ya faru a gidana a bana.

Ina da 'yar fari. Sunanta Zulaihat, na rubuta shi ne don mai karatu ya gane, domin bakina har yau bai saba da shi ba. Mu mun taso an koya mana cewa ɗan fari na kunya ne. Ba a kiran sunansa, ba a yabonsa, ba a nuna an damu da shi a gaban mutane. Ana yaye ta mahaifiyata ta ɗauke ta, a ɗakinta ta girma, ita take kira Inna, ni kuma Yaya take ce mini har gobe. In ta zo gida na kan ce wa ƙannenta, "Ku tambayi waccan ko ta ci abinci." Ban taɓa ganin wannan a matsayin rashin so ba. Haka aka yi mini, haka na yi.

Ta yi aure a Darmanawa, ta samu ciki bayan Allah Ya yi wa Inna rasuwa. Bisa al'ada sai cikin ya kai wata bakwai za ta dawo gida, amma a tsakiyar Fabrairu, ana ta hayaniyar zaɓe, motocin 'yan siyasa na yawo da lasifika a titin Zariya, mijinta Hamza ya kawo ta da akwatinta. Jiri ya ɗebe ta a madafi ta faɗi. Na dubi fuskarta. Leɓenta ya yi fari, tafin hannunta kamar an wanke shi da toka, daga soro zuwa ɗaki sai da ta huta tana haki. Abin da na iya cewa kawai shi ne, "A share mata ɗakin tsakiya."

Ke kika kai ta asibitin koyarwa. Ni ban je ba, don a ganina uwa ba ta raka 'yar fari awo. Kika dawo kika zauna kan tabarmata kika ce an auna jininta, ashirin da huɗu ne, alhali mai ciki ana son ta haura talatin. Kika faɗa mini ba ɓoye-ɓoye cewa kowace haihuwa sai an zubar da jini, kuma mace mai ɗan jini irin wannan in ta zubar da abin da wata za ta zubar ta tashi, ita ba lalle ta tashi ba. Kika ce amma akwai lokaci, wata uku da rabi. An ba ta ƙwayoyin ƙarin jini, ta sha da abinci, in Allah Ya yarda zai hau.

Ƙwayoyin nan suna tayar mata da zuciya. Ina jin kakarinta ta bango, ba ni da bakin tambayarta. Sai na yi abin da na iya. Na sayo ganyen shayi mai kyau, na riƙa dafa shi har ya yi baƙi-ƙirin, in sa citta da kanumfari, in zuba madarar gwangwani har ya yi kauri, in cika fulas. Duk mun taso muna jin cewa shayi mai kauri da madara yana ƙara jini. Safe, rana, dare, duk lokacin da aka kai mata abinci, ni da kaina nake ɗaukar fulas ɗin in ajiye kusa da ita ba tare da na dube ta ba, in ce, "Ga shi nan, a haɗiye maganin da shi." In juya in fita. A raina ina ganin na yi wani babban abu.

Bayan mako biyar kuka koma. Sylvanus, mai ɗaukar jini a ɗakin gwaji, wanda kuka yi aiki tare shekaru, kin ce sai da ya auna sau biyu, ya ce miki, "Mama, ko dai yarinyar nan ƙarƙashin katifa take ba wa maganin?" Jinin ya koma ashirin da uku. Likita ya fara maganar a nemi masu ba da jini su zauna cikin shiri, Hamza ya shiga bin 'yan'uwansa ana duba wanda nasa zai dace. Ke kuma kika ƙi yarda abin ya tsaya a nan. An riga an ba ta maganin tsutsar ciki da na zazzaɓin cizon sauro. Kika zazzage jakarta da akwatinta kina neman farar ƙasa, don kin san masu ciki da ɓoye ta, ba ki samu ba. Kika ƙirga ƙwayoyin da suka rage, suka yi daidai. Kika tsare ta da tambaya, ta rantse tana sha, ta sunkuyar da kai. Na ji kina cewa a tsakar gida, kamar da kanki kike magana, "Yana shiga baki, amma ba ya isa jini. To a ina yake tsayawa?"

Kwana uku bayan haka aka yi Babbar Sallah. Da hantsi, an gama feɗe ragonmu, sai ga ki da zaninki na aiki da wuƙarki, wai kin zo taya ni gyaran kayan ciki. Na yi mamaki, don ke ma kina da naki ragon a gida. Muka zauna gindin famfo da baho a tsakaninmu. Da aka sauke abincin rana aka kai wa yarinyar nata ƙarƙashin rumfa, na wanke hannu na ɗauko fulas ɗina na ajiye mata, na faɗi abin da na saba faɗa. Ta tsiyaya, ta jefa ƙwayar a baki, ta kora. Da na dawo na ga wuƙarki ta tsaya. Kika tashi kika je kika ɗauki kofin, kika shinshina, kika kurɓa. Kika yi magana da ita ƙasa-ƙasa na ɗan lokaci. Sannan kika dawo kika zauna, kika ce, "Malama, matso. Yau ni zan biya miki."

Kika jawo siririn hanjin nan mai tsawo daga baho, kika yanko kamar kamu ɗaya, kika juya cikinsa waje, kika ɗauraye. Kika ce in shafa. Na shafa, na ji shi da laushi kamar sabon tawul. Shekara nawa ina wanke hanji, ban taɓa tsayawa na lura ba. Kika ce wannan laushin wasu 'yan tsirrai ne ƙanana da ido ba ya rarrabe su, dubbai a kan dubbai, kuma namu hanjin ma haka yake. Abinci in ya narke ya zama kamar kunu, nan yake zuwa ya bi a hankali, su kuma su yi ta tsotsar abin da ke da amfani. Tumbin rago daban yake da namu, kika ce, amma daga nan zuwa ƙasa aikin ɗaya ne.

Sannan kika ɗaga farin kitsen nan mai kama da mayafi wanda ke riƙe da hanji, kika tare rana da shi. Sai na ga jijiyoyi sirara sun bazu a cikinsa kamar saiwar bishiya, ƙanana suna haɗuwa suna zama manya. Kika bi su da yatsa har inda suka tattaru, kika ce duk hanta suka nufa. Abin da hanji ya tsotsa jini ne ke ɗaukarsa ya kai wa hanta, ita ta tace, ta ajiye na ajiyewa, ta saki sauran zuciya ta raba wa jiki, daga ƙwaƙwalwa har farce, har abin da ke cikin mai ciki. Maiƙo ne kaɗai, kika ce, yake da tasa hanyar daban, yana bin wasu fararen jijiyoyi cikin ruwa mai kama da madara kafin ya je ya haɗu da jini can kusa da wuya. Ni dai tasbihi kawai nake yi, ina kallon abin da na sha zubar wa kaji.

Kika ce abin da ke cikin ƙwayar nan sinadarin ƙarfe ne, ɗan mitsitsi, shi jini ke kai wa ɓargo, ɓargo ya ƙera sabon jini da shi. Kuma shi mai wuyar sha'ani ne, a farkon hanji kawai ake karɓarsa, ko a ranar da komai ya yi daidai kaɗan ne ke shiga. Shi kuwa ganyen shayi akwai abin da ke cikinsa mai ɗaure harshe, wanda ke rina kofi, in ya haɗu da ƙarfen sai ya ƙanƙame shi su zama abin da hanji ba ya iya tsotsa. Madara ita ma tana tare masa ƙofa. Kika dube ni kika ce, "Mako biyar kina ba ta magani da hannun dama, kina karɓewa da hagu."

Sista, ga wurin laifina. Raina ya ɓaci. Na ce miki yarinyar ai tana zuwa awo, in da shayi na da illa da an faɗa musu. Kika ce ana faɗa musu duk ranar awo, kuma ta sani. Na ce to me ya hana ta magana? Kika ce, "Yanzu na tambaye ta. Cewa ta yi, Sista, shekarata ashirin da biyu, wannan ne abu na farko da Yaya ta taɓa kawo mini da hannunta. In ce mata ba na so?"

Maimakon in yi kuka, sai na ce miki ku da kuka yi boko ba ku san kunya ba, kuna so ku mai da mu Turawa. Na faɗi wannan a ranar Sallah, ga mace da ta bar nata ragon ta zo ta tsuguna gindin famfona. Kika mai da hannu cikin baho. Kika ci gaba da kitsa hanji har kika gama. Da za ki tafi kika ce, "Ni ban ce ki kira sunanta ba, ban ce ki daina kunyarki ba. Shayin ma ban hana ba, a sha shi da hantsi ko bayan La'asar, a raba shi da abinci da magani kamar awa biyu, kuma a rage masa ƙarfi. Amma lokacin ƙwayar, ki ɓare mata lemon zaƙi. Abin da ke cikin lemo shi ke buɗe wa ƙarfen ƙofa. In babu lemo, ga mangwaro ya shigo, ga gwaiba, ga tumatir. Ki ɓare da hannunki, kada ki aika." Kika ƙara da cewa a ware mata naman suya a tukunya daban, a riƙa ba ta kaɗan-kaɗan kullum tare da wake da ganye, don ƙarfen da ke cikin nama ya fi saurin shiga, kuma yana jan na waken su shiga tare.

Washegari na je har Tarauni na ba ki haƙuri. Kika ce ke ba ki ji komai ba, hayaƙin suya ya toshe miki kunne, kika cika mini leda da lemo.

Fulas ana ajiye shi a juya. Lemo kuwa sai an zauna an fere shi, an ɓare, an cire 'ya'yan. Ranar farko na zauna a bakin tabarmarta na ba ta gefe, ina ferewa ina kallon bango. Na miƙa mata ba tare da na juyo ba. Ta karɓa ta ce, "An gode, Yaya." Haka muka yi kwana da kwanaki ba mai cewa komai. Wata rana ta ce wannan da tsami, na ce mai lemon ne ya cuce mu, muka yi dariya, kowa na kallon wani wuri. Daga nan magana ta fara fitowa kaɗan-kaɗan. A bakin tabarmar nan na ji cewa tana tsoron haihuwar, na ji tana mafarkin Inna, na ji abin da take so da wanda ba ta so a abinci, abubuwan da ya kamata in sani tun tana shekara biyar. Ke kuma duk bayan kwana biyu sai kin leƙo, ki ja fatar idonta, ki ce, "Ya fara ja, Malama, kamar an ɗiga masa zoɓo."

Ƙarshen Afrilu jinin ya kai ashirin da takwas. Ana saura mako guda sojoji su miƙa mulki ya kai talatin da uku. Kin ce Sylvanus ya ɗaga takardar sama ya ce, "Mama, wannan ta riga gwamnati dawowa hayyacinta." Ranar da aka rantsar da sabon shugaban ƙasa, duk unguwa an kewaye rediyo, kika zo kika same mu ƙarƙashin rumfa ina yanka mata mangwaro, kika ce ke dai duk wanda ya hau, roƙonki ya sa magani a ɗakunan awo.

Ranar Talata, ɗaya ga watan Yuni, naƙuda ta kama ta da sassafe. Kika zo da tasi. Na raka ku har soro na tsaya, kamar yadda aka saba. Kika leƙo ta taga kika ce, "Malama, shigo, ba mai ganinki sai Allah, Shi kuma Ya san ke kika haife ta." Na shiga. Kafin Azahar ta haifi namiji. Sai jini ya ɓalle. Ina zaune a benci a waje ina ganin ma'aikata na shiga da fita da sauri, na karanta duk abin da na haddace har na rasa inda nake. Ke kina ciki, tsofaffin abokan aikinki sun bar ki kin riƙe mata hannu. Kusan awa guda kafin ki fito, zufa ta jiƙa miki ɗankwali. Kika zauna kusa da ni kika ce jinin ya tsaya. An ƙara mata leda ɗaya daga jinin da ƙanin mijinta ya bayar. Likitar da ta karɓi haihuwar ta faɗa a gabana cewa jinin da ta zubar, da a ce da na watan Maris ta zo, da kafin a ɗaura mata ledar an rasa ta. Rai na Allah ne, Shi ke rayawa. Amma Yakan sanya sababi, kuma na shaida ke ce sababin da Ya sanya mana.

Ba ki taɓa ba wa kowa labarin fulas ɗin nan ba. Ko Malam bai sani ba sai da na faɗa masa da bakina bayan rasuwarki. Ranar suna mata na ta yaba mini, wai na iya jinyar mai ciki, kina zaune a gefe kina cin waina kina gyaɗa kai kina cewa, "Ai Malama ba daga nan ba." Na rubuta shi yanzu don kada yabon ya zauna a inda ba nasa ba, kuma don wata uwar da ke can tana dafa baƙin shayi da kyakkyawar niyya ta ji.

Ciwonki bai ba mu lokaci ba. Hawan jini ne da kika daɗe kina fama da shi, kina yi wa kowa faɗa a kan nasa kina wasa da naki. Kin faɗi a tsakar gidanki da safe kina shirin zuwa duba wata mai jego a Unguwar Gano. Na je asibiti sau huɗu, ba ki iya magana ba. Ranar ƙarshe da na riƙe hannunki na ji yatsanki yana motsi a tafina, ban sani ba ko kin gane ni ne, ko kuwa hannun ne ke aikinsa da ya saba.

Zaman makokinki ya tara mutanen da ban taɓa ganinsu wuri ɗaya ba. Matan Ƙauyen Alu da Darmanawa, ɗaliban jinya 'yan mata da fararen kaya, 'yan kasuwar Tarauni. Sista Nkemdilim, wadda kuka yi aiki ɗaki ɗaya shekara goma sha biyu, ta zo ta zauna cikinmu ta lulluɓe kanta da gyale, ba ta iya cewa komai ba sai "Yayata, yayata." Kowace mace da ta buɗe baki tana da nata labarin.

Zulaihat kuwa, ranar da labarin ya zo ta zo mana yini, sai ta goya ɗanta ta taka da ƙafa daga Gyaɗi-Gyaɗi har gidanki, ba ta tsaya hutawa ko sau ɗaya ba. Kwana uku ita ce a kan murhu a gidan maƙwabtanki, tana tuƙa tuwon masu zaman makoki, tana sauke manyan tukwane ita kaɗai. Na zauna daga nesa ina kallonta, ban kawar da kai ba.

Ina miƙa ta'aziyyata da ta maigidana ga Alhaji Isyaku, abokin zamanki na shekara talatin da shida, da 'ya'yanki Al-Amin da Hasana, da jikokinki, da 'yan'uwanki, da abokan aikinki Musulmi da Kirista, da dukkan matan da kika taɓa riƙe wa hannu. Allah Ya ba ku haƙurin wannan rashi, Ya ba ku ladansa, Ya tsaya muku a inda take tsaya muku.

Ya Allah, ga baiwarKa Mairo ta zo gare Ka. Ka gafarta mata abin da muka sani da wanda ba mu sani ba. Ka yalwata mata kabarinta, Ka haskaka shi, Ka tabbatar da harshenta wurin tambaya. Ta rufa mini asiri a duniya, Ka rufa mata nata a ranar tsayuwa. Duk numfashin da 'yata za ta yi, da duk sujadar da ɗanta zai yi in ya girma, Ka rubuta mata rabo a ciki. Ka sada ta da rahamarKa, Ka sa Aljanna ce makomarta, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani. Amin.

Hafsa Shehu,
Gyaɗi-Gyaɗi, Kano.